Na Ji Bugun Sandar, Ban Tsaya Ba

Edita, ina yi maka sallama tare da masu karatu. Ina roƙon kada a sa sunana, ni ma ba zan kama sunan kowa ba, domin mutanen da ke cikin labarin nan duk suna raye, wasunsu ma sahu ɗaya muke bi a masallaci.

A lokacin da abin ya faru ni direban tirela ne, mutumin Basirka, ina ɗaukar shanu daga kasuwannin ƙasar Gwaram da Birnin Kudu ina kai su Legas. Shekara goma sha ɗaya na yi a kan wannan hanya a hannun uban gida ɗaya, wani Alhaji mai motoci biyu. Ba na shan komai sai goro da shayi mai kauri, kuma ba ni da abin taƙama a duniya da ya wuce juriya. Ina iya kama sitiyari a Birnin Kudu ban sake shi ba sai Kaduna, in yi salla, in watsa wa fuska ruwa, in sake kamawa. Idan direbobi suka zauna a teburin mai shayi aka zo maganar wanda bayansa ba ya ciwo, idonsa ba ya lumshewa, ni ake nunawa da baki. Na saba da wannan nuni har na ɗauka gadona ne.

Motar Alhaji ta biyu ƙanin matata ne yake jan ta. Mutumin Wurno ne, na girme shi da shekara tara, ni na koya masa tuƙi a cikin motata, ni kuma na kai shi gaban Alhaji na tsaya masa. Bai yi shekara biyu da karɓar makulli ba sai na fara jin sunansa a bakin da a da sunana ke fitowa. Dillalai a kara suna cewa shanunsa a tsaye suke sauka, babu ƙurji babu rama. Masu shanu suna jira a yi musu lodi a motarsa ko da tawa ce a gaba. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ina ganin yadda yake tafiyarsa. Yana tsayawa, yana cin abinci a zaune kamar a ɗakin uwarsa, har tabarma yake shimfiɗawa a gindin mota ya yi barcin awa biyu, amma duk da haka sai mu shiga Legas kusan tare, wani lokaci ma ya riga ni. Ni da nake haɗiye hamma ina tauna goro har muƙamuƙina ya yi tsami, ban ga abin da na fi shi da shi ba. A gida ma ban tsira ba, domin matata ba ta da hira sai ta ƙaninta, wai ka ji an ce kaza, ka ji an ce kaza, tana jin daɗi tana zaton ni ma daɗin nake ji tunda ɗalibina ne. Shi kuwa duk inda ya gan ni sai ya rusuna ya ce Yaya, ya karɓi abin da ke hannuna. Da ma ya taɓa yi min rashin kunya ko sau ɗaya, da na samu abin kamawa. Bai taɓa ba, kuma wannan ladabin nasa ya fi zagi yi min ciwo.

Ana nan sai labari ya fito cewa Alhaji ya yi odar sabuwar mota. Kowa ya san direba ɗaya za a ba, kuma kowa ya san wanda aka ba shi ne babban direban gidan. Wata rana muna zaune a ƙofar gidansa da mutane, Alhaji ya dube ni yana dariya ya ce in yi hankali, ɗalibi na neman ya sha gaban malaminsa. Aka yi dariya, ni ma na yi, har da tafa hannu. Da na koma gida aka ajiye min tuwo na kasa kai loma uku. Tun daga ranar na sa a raina cewa an gama magana, motar tasa ce, sai dai in na yi wani abu da zai sa a sake tunani.

A tsakiyar bazara aka yi mana lodi rana ɗaya, motocin biyu. Wanda bai san aikinmu ba bari in yi masa bayani kaɗan. Shanu a tsaye suke tafiya, a matse, an ɗaure ƙahonsu a jikin ƙarfe. A samansu akwai katakai da aka gitta, a nan masu rakiya suke zama. Idan sa ya gaji ya durƙushe, 'yan uwansa za su tattake shi, cikin ɗan lokaci sai ya mutu. Don haka da mai rakiya ya ga wani ya faɗi, sai ya bubbuga rufin kan mota da sanda, direba ya gangara gefe ya tsaya, a shiga a tashe shi. Ba doka ba ce da aka rubuta, amma babu direban shanun da bai san ta ba. Ba a shiga tsakanin shanu mota tana tafiya, ba a kuma jin sanda a wuce.

Cikin masu rakiyata a wannan tafiya akwai wani dattijo Bafulatani daga wata ruga kusa da Unguwar Ya. Bijimai huɗu ne nasa a cikin lodin, shi ya raine su tun suna maruƙa, kuma ya ce ba zai ba kowa saƙonsu ba, da ƙafarsa zai kai su ya ga hannun da za su shiga. Bai taɓa wuce Kano ba. Kafin ya hau ya zo ya kama hannuna da hannu biyu, ya ce an gaya masa ni ne tsohon hannu a hanyar nan, shi ya sa ya zaɓi motata. Na ce masa Baba kada ya damu. Raina ya yi sanyi da maganarsa, amma ba don amanar da ya ba ni ba, sai don ya zaɓe ni ya bar wancan.

Muka tashi bayan la'asar. Niyyata ita ce in ba ƙanin matata ratar da sai an yi wata guda ana maganarta a tasha. Ban tsaya a inda muka saba tsayawa ba sai don shan mai da salla. Na wuce shi a gefen hanya bayan Zariya, ya tsaya yana zagaya motarsa yana leƙa shanu, ya ɗago min hannu, na danna masa hon na wuce ina murmushi ni kaɗai. Ban runtsa ba har gari ya waye, ban kuma bar shanun sun huta ba. Masu rakiya suka yi ƙorafi a wani gidan mai, na ce musu wanda ya gaji ya sauka ya jira motar 'yan hutu tana baya.

Washegari da azahar, mun wuce Mokwa, rana tana dukan gilas har sitiyari ba ya taɓuwa, na ɗaga ido na duba madubi. Can nesa na hango kan motarsa. Wallahi ji na yi kamar an zuba min garwashi a ƙirji. Mutumin da ya ci ya sha ya yi barci, ga shi a bayana. Yanzu na gane cewa gajiya ce ta sa nake jan mota a hankali kamar mai tura kurar ruwa ban sani ba, amma a lokacin ban ga komai ba sai ranar da za a miƙa masa makulli ina tsaye ina kallo. Ina cikin wannan hali sai na ji sanda a kan rufi, bugu uku. Aka ɗan yi shiru, aka sake, da ƙarfi. Na ji, Edita. Ba zan yi wa Allah ƙarya ba, na ji sarai. A gabana akwai hawa mai tsawo, kuma na san in na tsaya da wannan kaya a gindinsa, zai zo ya wuce ni. Na ce wa kaina bari in hau tukuna. Wani dillali da ya biyo mu yana zaune a gefena, barci yake, ya rufe fuska da hula. Na miƙa hannu na ƙara muryar rediyo. Da na gama hawan na ce bari in wuce waccan kwanar, da na wuce ta na sake duba madubi. Sai bugun ya tsaya, ni kuwa na ji daɗi, na ce ashe ma ba wani abu ba ne.

Bugun ya tsaya ne domin mai bugawar ya ajiye sandar. Ɗaya daga cikin bijiman dattijon nan ne ya faɗi, yana kallo ana taka masa wuya, ya buga ya buga ba a tsaya ba, sai ya zame ta tsakanin katakai ya sauka cikin shanu don ya tashe shi. Daidai nan na ci karo da rami, na kauce da sauri, shanun suka tafi gefe guda suka matse shi da ƙarfen bodi. Ban san abin da ake ciki ba sai da wani daga cikin masu rakiya ya rarrafo kan rufi ya sako rigarsa a kan gilas ya rufe min hanya. A nan na taka burki.

Ƙanin matata ya tsaya a bayana. Shi ya shiga tsakanin shanun ya ɗauko dattijon a kafaɗa, ƙugu da cinya sun karye, bakinsa sai salati. Bijimin kuwa sai yanka shi aka yi a bakin hanya. Masu rakiya suka yo kaina suna tambayar me ya hana ni tsayawa, na ce ƙarar inji ce a kan hawa, ban ji komai ba. Ƙanin matata ya leƙa cikin mota, rediyo yana ta ihu, ya kashe shi, ya dube ni. Shekara uku ya yi a wannan kujera yana koyon aiki, ya san ko da yatsa aka ƙwanƙwasa rufin nan ana ji. Sai ya juya ya ce wa mutane gaskiya ne, motar Yaya tana da ƙara in tana hawa, a bar maganar a nemi motar asibiti. Ya rufa min asiri a gaban kowa. Kuma abin kunyar da zan faɗa shi ne, a wannan lokacin ma haushinsa na ji, domin ko a nan ya fi ni.

Na bi dattijon asibitin wani gari da ke kusa, na kwana uku a ƙasan gadonsa, ina ɗaga shi ina kwantarwa. Shi kuma ƙanin matata ya samo direban da ya ƙarasa da motata. Mutane sun ɗauki zamana a asibiti a matsayin kirki. Tsoro ne, ina jiran ya farfaɗo ya nuna ni. Da ya farfaɗo abin da ya fara tambaya shi ne bijiminsa, na biyu kuma ya ce in yafe masa, shi ya yi gangancin shiga mota tana tafiya ya ɓata min tafiya. Bayan an dawo da shi gida maɗori ya yi iya ƙoƙarinsa, amma ƙafa ɗaya ta gajarce. Mutumin da ya yi shekara hamsin yana bin shanu a daji, yanzu da safe sai dai a fito da shi gindin bishiya ya ga fitarsu.

Da sabuwar mota ta iso, Alhaji ya kira ni ya sa min makulli a hannu. Ya ce tun kafin ya yi odarta ya riga ya yanke ni zai ba, waccan maganar ta ƙofar gida tsokana ce kawai, kuma abin da na yi wa dattijon nan ya ƙara tabbatar masa bai yi kuskure ba. Ƙanin matata ne ya fara yi min murna. Ranar da zan yi lodin farko aka kawo dattijon a bayan babur, ya dogara sanda ya zo ya dafa ƙofar motar ya yi ta addu'a, yana cewa Allah ya ba masu shanu direbobi irina. Jama'a suna amin, ni ina kallon ƙasa.

Yau shekara huɗu ke nan. Ina jan motar, kuma ban taɓa jin daɗin zama a cikinta ba. Ba zan ce hassadar ta bar ni ba, domin har yanzu ina kishin ƙanin matata, sai dai ba a kan hanya ba. Ina kishin yadda yake zama kusa da dattijon nan su sa hannu a ƙwarya ɗaya, ya dube shi ido cikin ido su yi dariya. Abin da na koya shi ne, hassada ba ta zuwa da sunanta. Ni ta zo min da sunan juriya da kishin sana'a, ta sa na yi tsere da mutumin da bai ma san ana tsere ba, a kan abin da tun farko nawa ne. 'Yan uwana direbobi, duk ranar da kuka ga kuna duba madubi fiye da hanya saboda wani ɗan uwanku, ku gangara gefe ku kashe mota, ku huta, ku bar shi ya wuce. Rashin barci ba jarumta ba ce, kuma wanda zai biya farashinta sau da yawa ba ku ba ne, wani ne da ya amince muku ya hau bayanku.

Sau uku ina zuwa rugarsa da niyyar in gaya masa gaskiya. Duk zuwan da na yi, da ya hango ni sai ya fara kiciniyar tashi a kan ƙafar nan, yana kiran iyalinsa su kawo tabarma mai kyau da nono, wai ɗansa ya zo. Har yau ban iya buɗe baki ba.