Wuyan Abba da Hannun ’Yar Fari

Ni likitar gashi ce. In na faɗi haka a gidan biki, sai an samu wadda za ta dafa ɗankwali ta ce nata yana karyewa, me zan ba ta. Sai na tsaya na yi bayani: gashin ƙashi, wanda a asibiti ake ce wa fisiyo, aikin da ake yi da hannu a kan wuya da baya da gaɓoɓin da suka riƙe. Ƙannena kuwa har gobe “mai tausa” suke kirana, wai na ƙare ƙuruciyata a jami’a ina koyon abin da kowace kaka ta iya. Ba na kula su. Duk wanda bayansa ya ƙage a cikinsu, lambata yake fara nema.

Abbanmu tsohon alƙali ne. Da ya ajiye aiki, mutanen layinmu a Nassarawa GRA suka ba shi limancin ɗan masallacin da ke jikin katangar gidanmu. Masu gidajen layin ne ke salla a ciki, da direbobinsu da masu gadi da masu ban ruwan fulawa. Ba wani babban masallaci ba ne, amma Abba ya riƙe shi fiye da yadda ya riƙe kujerar kotu.

Ni ce ’yarsa ta fari, shi kuma mutumin da ne, irin waɗanda kunyar ɗan fari ta zauna musu a jini. Bai taɓa kiran sunana ba. Ana yaye ni aka kai ni wurin kakata Inna a cikin gari, sai da na shiga sakandare na dawo. In zai yi maganata sai ya ce “’yar gidan Inna”. In ina zaune a wurin kuwa, Umma yake gaya wa, ita ta juyo ta maimaita min abin da na riga na ji da kunnena. Umma ma ta yi tata kunyar, amma hidimar gida da son hira sun cinye ta tuntuni. Ban taɓa ganin Abba ba hula ba.

Wata damina wuyansa ya ƙage. Likitan ƙashi ya duba, aka yi hoto, ya ce tsufa ne da yawan sunkuyawa kan littafi, ba jijiyar da aka danne. Ya ba shi magani da kwalar wuya ta ɗan lokaci, ya ce a je gashi. Abba ya sha magani, ya ɗaura kwala ya rufe ta da jelar rawani, ya ƙi cirewa, ya ƙi zuwa gashi. Wai shi ba zai je ya miƙe a gado ba, alhali wasu masu aikin wurin a bayansa suke salla. Wuyan da aka hana motsi kuwa ƙara sandarewa yake yi. Sujada ta zama azaba. In zai yi sallama, ko zai duba sahu kafin kabbara, sai ya juya gaba ɗayansa kamar ƙyaure.

Shi ya fi kowa sanin sallarsa ta yi ko bai waiwaya ba. Amma ya ce limamin da ba zai iya juya wuya ya yi wa mutane sallama ba, lokacin hutunsa ya yi. Ya miƙa wa na’ibinsa, ya koma ƙarshen sahu a kan kujerar roba. Umma ta kira ni a waya, ta ce ya ce zai tara dattawan layi ya sauka gaba ɗaya. Ta ce, “In ya bar limancin nan, wallahi zama zai yi har ya ƙare.”

Na tura masa abokin aikina, namiji, ƙwararre. Abba ya karɓe shi hannu biyu, ya sa aka kawo shayi, ya tambaye shi ɗan wace unguwa ne, ya gano ya san kakansa, ya yi masa nasiha, ya sa masa albarka, ya sallame shi. Ko jelar rawanin bai ɗaga ba.

Abin da ya fito da ni daga gidana a Hotoro da tsakar rana shi ne labarin mai aski. Direban gidan ne, da kyakkyawar niyyarsa, ya ce akwai wani a Tudun Wada, in ya gama maka aski sai ya kama kai ya murɗa, ka ji ƙas, shi ke nan ka warke. Abba kuma ya ce a kawo shi. Kai! Ban san lokacin da na ja mota ba. Wuyan dattijo, mai ƙashin da ya riga ya cinye, a ba wa wanda bai taɓa ganin hotonsa ba ya fizge? Na tarar da direban a bakin get, na ce in ya sake ya ɗauko mutumin nan, ni da shi ne. Ya ce, “Hajiya, ni ma ya yi min.” Na ce Allah ne ya kiyaye ka, kuma shekarunka ba su kai rabin nasa ba.

Na wuce ɗakin karatun Abba, ɗakin da iyakata da shi bakin ƙofa. Na yi sallama, na shiga, na durƙusa. Umma ta biyo ni tana ta “ke, ke”. Na ce, “Abba, ku gafarce ni. Wannan aikina ne. Iyayen mutane nake yi wa kullum, suna tashi suna sa min albarka. Ba zan zauna a kawo muku mai aski ba ina raye.”

Bai dube ni ba. Ko ya so ma ba zai iya ba, don ta damansa na durƙusa, ɓangaren da ya riƙe. Ya ci gaba da jan carbinsa. Can ya ce wa Umma, “Tambaye ta, sai an kwanta?”

Umma ta juyo: “Wai sai an kwanta?”

Na ce sai an kwanta, kuma sai an cire rawani da hula.

Washegari bayan la’asar na zo da tawul da jakar ruwan zafi. Aka shimfiɗa katifa mai tauri a kan benci. Ya warware rawanin da kansa, a hankali, ya naɗe, ya ɗora hular a kai. Na ga furfura da ’yar sanƙo, na ga wuya siriri, duk kwala ta yi masa shaida. Na yi shekaru ina taɓa wuyan manya ban ji komai ba, ran nan sai da na tsaya ɗumama hannuna a jikin jakar kafin na fara.

Ba a fara wuya da matsa. Tambaya ake fara yi. Jiri yana ɗibarku in kun ɗaga kai? Gani yana rabuwa biyu? Hannu yana mutuwa, ko cokali yana suɓucewa? Duk wanda ya amsa da e, ba na taɓa shi, wurin likita nake mayar da shi. Abba ya amsa duka da a’a, ta bakin Umma, wadda ta ja kujera ta zauna a bakin ƙofa kamar tafinta a kotu. Na ɗora ɗumi a kafaɗunsa har naman ya ɗan saki. Sannan na bi tsokar da ta taso daga kafaɗa zuwa ƙeya da babban yatsa, ina neman inda ta dunƙule. Na same ta a dama, ƙulli kamar ƙwallon dabino. Na danna, na tsaya.

“Nan ne?”

“Gaya mata nan ne.”

“Wai nan ne.”

Haka muka yi ta yi. In dariya ta taso min sai in haɗiye, in haushi ya taso shi ma in haɗiye. Na raba shi da kwalar, na raba shi da tulin matashin da yake kwana a kai, na sa aka ɗaga masa abin ɗora littafi zuwa daidai idonsa. Na koya masa jan haɓa baya yana zaune a miƙe. In yana kife, sai in ɗora manyan yatsuna a gefen ƙasusuwan wuyan ɗaya bayan ɗaya, ina ɗan lotsawa ina saki, motsi ƙanƙane wanda mai kallo zai rantse ba abin da nake yi. Umma ma sai da ta ce, “Yo ke wannan ai shafa ce.” Na ce ta bari ta gani. Zafin ya ragu, barci ya dawo, sujada ta fara yiwuwa. Amma waiwayen dama ya tsaya a rabi, ya ƙi gaba.

Na san dalili, domin ina jinsa a tafin hannuna. Akwai aikin da ake yi mutum yana rigingine: ka zauna ta saman kansa, ka tura hannu biyu ƙarƙashin ƙeya, yatsu su sami gindin ƙoƙon kai, ka ɗan ja a hankali, sannan ka juya kan da kanka. Ba ya yiwuwa sai mai kan ya sakar maka nauyinsa duka. Abba kuwa ɗauke yake da kansa. Yana kwance a hannuna amma bai taɓa ni ba sai da fata. Jijiyoyin gaban wuyansa a tsaye, yana taya ni ɗauka. In na ce ya saki, sai ya ce wa Umma a gaya min ya saki.

Ana cikin haka dattawan layi suka turo tambaya, cikin ladabi, ko za a tabbatar da na’ibi ne. Abba ya ce su ba shi zuwa Juma’a.

Ranar da na zo a makon, Umma ta tafi suna gidan ƙanwarta. Na tarar da shi shi kaɗai, ya riga ya cire rawani. Ban sani ba ko mantawa ya yi ba ta nan, ko yana sane. Ya kwanta. Na zauna ta saman kansa, na sa hannu. Nauyin nan babu, kamar kullum. Raina ya ɓaci, na ce, “Abba, ni ba zan iya ba in kuna riƙewa. Kan mutum yana da nauyi, na sani, kullum shi nake ɗauka. Ba zan yar da ku ba. Ku sakar min.”

Ba wanda zai gaya wa ya gaya min. Ya buɗe ido ya kalli silin, ya rufe. Ya ja numfashi ya sauke, ya ce, “To, riƙe.”

Ni ya gaya wa. Sannan kan ya sauko. Wanda bai taɓa riƙe kan babban mutum ba ba zai san nauyinsa ba. Hannuna sai da ya nutse cikin katifa. Na ji tsokar ƙeyarsa tana narkewa a kan yatsuna. Na ja kaɗan, na jira. Na juya shi dama har inda ya saba tsayawa. Na dafa kumatunsa na ce, “Ku tura hannuna kaɗan, kada ku yi ƙarfi.” Ya tura. “Ku saki.” Ya saki, kan ya ƙara tafiya. Muka sake, ya ƙara. Hawaye yana gangaro min, ba hannun da zan share, duka biyun suna aiki. Na kawar da fuska don kada ya ɗiga masa a goshi. Ban taɓa alfahari da sana’ata irin na ranar ba.

Ban ce masa ya warke ba, domin irin wannan wuyan ba ya komawa sabo. Lallaɓa shi ake yi da motsa shi kullum. Ya tashi zaune ya mayar da hularsa, ya ce, yana kallon bango, Allah ya yi albarka.

Ranar Juma’a na zo gidan da yamma, ban tambayi kowa me aka yanke ba. Muna cikin falo da Umma aka tayar da sallar magariba, sai muryar Abba ta fito daga lasifikar masallaci. Umma ta dafa ƙirji. Ni kuwa ban saki jiki ba, don ja salla ya iya ko da wuyan a sandare. Abin da nake so in sani ba a ganinsa daga cikin gida, kuma ba zan je in leƙa sahun maza ba. Na zauna ina bin raka’o’in da kunne, har aka yi zaman ƙarshe.

“Assalamu alai…”

Ƙarshen ya yi nisa, ya dushe, da ƙyar na jiyo shi. Makirfon yana tsaye ne a gabansa, ba ya bin mutum. Bakinsa ne ya bar wurin, ya tafi can kan kafaɗarsa ta dama.

Umma ta yamutsa fuska ta ce, “Lasifikar nan ta fara lalacewa, ƙarshen sallamar bai fito ba. A gaya wa mai gadi ya kira mai gyara.”

Na ce mata kada wanda ya taɓa ta, lafiyarta ƙalau.