Faifai Biyu a Aljihun Nura

Har gobe ban manta da wata Juma'a ba, a shekarun farko da sojoji suka koma bariki, lokacin ina kula da shagon intanet na Alhaji Sabo a Gyaɗi-Gyaɗi. Ku da kuka tashi kuka tarar da intanet a aljihu ba za ku gane ba. Kwamfuta takwas gare mu, duk a kan layi ɗaya ɗan siriri. Mutum ɗaya ya fara sauke abu mai nauyi, sauran bakwai sai kallon allo da tsaki. Shi ya sa Alhaji ya kafa doka: ba a sauke babban kaya sai ranar Juma'a, in mun rufe daga sha biyu zuwa la'asar. A kunna, a bar janareta yana aiki, a kulle, a tafi masallaci. Makulli kuwa a hannuna yake.

Akwai Nura, ɗan layinmu a Unguwar Gano. Benci ɗaya muka zauna a sakandare, lissafi ma ni nake nuna masa. Shi ya samu jami'a yana karanta ilimin kwamfuta, ni sau uku ina nema ana cewa sai baɗi. Ba zan ɓoye muku ba, abin yana ci min rai. Da ya shigo, Alhaji zai washe baki yana "Injiniya, Injiniya". Ni da nake kwance kwamfuta in ɗaure, sunana "kai, zo nan".

Wata Laraba ya zo ya ce malaminsu ya ba su aikin da za su miƙa ran Litinin, wanda bai miƙa ba ya faɗi kwas ɗin. Aikin ba ya yiwuwa sai da wata manhajar rubuta shirin kwamfuta, layin makarantarsu kuma ya kasa sauke ta. Na ce wannan ai za ta shanye layinmu kaf. Alhaji ya ce to don irin su Injiniya aka ware Juma'a.

Ranar Juma'ar, babu wuta kamar kullum. Nura ya kunna a kwamfuta lamba shida, ya yi min godiya, ya riga ni fita. Na tsaya ina kallon abin yana sauka. Zuciya ta ce min: da layinka da guminka zai ci jarrabawa, gobe ya dawo yana aikenka. Na zagaya baya na kashe janareta, na kulle shago. A lokacin in abu ya katse sai dai a faro daga farko, na kuma sani sarai. Haka na je na shiga sahu, wallahi ban san me liman ya karanta ba.

Bayan la'asar ya dawo ya tarar da allo baƙi ƙirin. Na ce janareta ne ya mutu da kansa. Ya ce haka Allah ya ƙaddara. Sai ya zaro faifai biyu sababbi daga aljihu, ɗaya an rubuta sunana a kai, ya miƙo min.

"Naka ne, Habu. Na so in kwafa maka, mu riƙa yi tare duk Lahadi. Ka fi ni kai, kowa ya sani."

Asabar da Lahadi shago cike yake, Alhaji ba zai kori mutum bakwai saboda ɗaya ba, mu kuma ba ma buɗewa da dare. Nura ya zaga shagunan Tarauni, ba wanda ya yarda a shanye masa layi. Ya faɗi kwas ɗin, sai da ya maimaita. Kunya ta hana ni neman darasin Lahadi.

Don haka in kun ji ina faɗa a kan wanda ya rage wa wani layi don yana jin haushinsa, ku yi min uzuri. A aikinmu na kula da layin intanet ba mai ganin hannun da ya kashe, shi ya sa yake amana. Faifan nan yana cikin durowata har yau, da sunana a kai, ba komai a cikinsa.