Ƙudujin Gonar Baba

Ranar wata Laraba ce a tsakiyar marka, lokacin dogon hutun da na gama aji uku na firamare. An kwana ana yayyafi, gari ya waye da sanyi, Baba ya sa mu gaba ni da yayana Sani muka nufi gonarmu ta bayan Fakuwa, ko koko ba mu gama sha ba. Sati biyu rabona da gonar, saboda wata ƙaya da ta soke ni a tafin ƙafa ta yi ruwa. Muna wuce tsohon gawon da ke bakin hanya sai na ga gona ta canza kama. Daga wannan iyaka zuwa waccan furanni ne masu launin shunayya, sun yi luf a gindin gero, raɓa na sheƙi a kansu. Ni da wautar ƙuruciya na buɗe baki na ce, "Baba, gonarmu ta fi ta kowa kyau!" Sani ya taka mini ƙafa, mai ciwon kuwa. Baba ya sauke hauyarsa, ya daɗe tsaye yana kallon geron da ya kamata a ce ya fi shi tsawo, amma ya tsaya iya ƙugunsa, ganyensa ya yi rawaya kamar an babbake shi. Sannan ya ce, "Ku duƙa."

Ƙuduji ke nan, wasu kan ce masa wuta-wuta. Ciyawa ce mai kyan fure da mugun hali, inda ta samu gindin zama gero da dawa ba sa ƙara yin albarka. Gonar nan kuma ita ce abincinmu gaba ɗaya. Baba ba shi da shago a kasuwar Kankia, ba shi da shanu, ba shi da wata sana'ar rani da ta wuce saƙar zana. Abin da ya shiga rumbu da kaka shi ne tuwonmu da furarmu har wata kakar, mu takwas a gida.

Yadda ake yi da ƙuduji a gidanmu sananne ne, kuma haka Baba ya ga mahaifinsa yana yi. Sai ya fito ya yi fure, a gan shi da kyau, sannan a bi kunya-kunya ana tuge shi da hannu. Idan runguma ta cika sai a kai kan iyaka a jibge. Mu yara har gasa muke yi a ga tulin wa ya fi tsawo, wanda aka kayar shi zai ɗauko gorar ruwa da ƙwaryar fura daga gida washegari. Bayan an yanke gero tulin ya bushe ƙayau, sai ya zama wurin wasanmu. Mu hau mu diro, mu yi kokawa a kai, mu ɗebi damƙa mu riƙa zabga wa juna a baya har ƙura ta tashi. Idan muka gaji awaki su karɓe mu, su bi su watsa sauran cikin gona. Ba na jin akwai wasan da na yi dariya a kansa kamar wannan.

Kada wani ya ɗauka Baba rago ne ko marar tunani. Gonar da ya gada rabinta ƙaya ce da kututture, shi kaɗai ya share ta da gatari a rani uku, har mutanen gari suka riƙa zuwa kallo. Daga nan ya samu makullinsa guda ɗaya, kuma da shi yake gwada kowace ƙofa. Kyaure ya ƙi rufuwa, a ƙara tura shi. Jaki ya toge, a ƙara masa sanda. Na kasa haddace jadawalin lissafi, a ƙara mini zama a zaure. Maganarsa kullum ita ce, "Ba a matsa ba ne." To, da ƙuduji ya ƙaru sai shi ma ya ƙara matsawa. Da muna fita da hantsi, muka koma fita da zarar an sallame asuba. Da kwana uku muke yi muna tuga, ya zama sati biyu. Wata shekara har gayya ya kira, Inna ta dama fura masaki biyu, matasa suka tuge gonar tas, tulin kan iyaka ya kai tsayin mutum. Baba ya dawo gida yana murmushi, ya ce bana ya ga bayansa. Da damina ta zagayo furannin suka fito ninki.

Inna ce ta fara lura da wani abu. Tana da 'yar gayaunarta a kusurwar gonar, inda take zuba kashin awaki da tokar murhu, shekara guda ta sa gyaɗa, wata shekarar ta sa gero. Geronta yana tsayawa da ƙafarsa, ƙudujin wurin bai fi a ƙirga ba. Wata rana tana tankaɗe a tsakar gida ta ce, "Malam, da ka bari gonar ga ta huta da hatsi ko shekara biyu, a zuba mata gyaɗa." Baba yana alwala, bai ko ɗago ba ya ce, "To, gyaɗar za ki tuƙa ma ɗiyan nan? Mi za su ci?" Inna ta ci gaba da tankaɗenta. A lokacin na ji haushinsa, na ce a raina taurin kai ne kawai.

Akwai kuma wata hanya da muka rasa ba tare da mun san hanya ce ba. Da can, bayan girbi, wani Bafillace da muke kira Baffa Buba yakan sauka da shanunsa a gonarmu su yi wata guda, su bar taki, Baba ya ba shi 'yan dammunan gero, matarsa kuma ta riƙa kawo mana nono. Da rumbu ya fara ja da baya, abin da Baba ya fara yankewa shi ne wannan geron. Baffa Buba ya kora shanunsa wajen Dudunni. Ƙasa ta ƙara tsufa, ƙuduji ya ƙara samun wuri, rumbu ya ƙara ja da baya.

Ina aji biyar aka kawo mana wani malamin aikin gona, Malam Lawal, siriri mai yawan tsokana. Wata safiya ya shigo aji da busasshen ƙuduji a hannu da wani gindin gero da ya tugo da saiwarsa. Ya shimfiɗa farar takarda a kan tebur, ya karkaɗa ƙudujin sau biyu kawai. Takardar ta yi baƙi da wani abu mai laushi kamar garin barkono. Ya ce, "Ku matso, manoman gobe. Wannan ba datti ba ne, iri ne." Ya ce yana iya kwanciya a ƙasa shekara da shekaru yana jiran saiwar gero. Sannan ya wanke gindin geron a bokiti ya nuna mana inda ƙuduji ya liƙe a jikin saiwa yana tsotso, tun kafin ya leƙo waje. Wato ranar da muke ganin furen, ɓarna ta riga ta gama. Ya tambaya ina muke zubar da wanda muka tuge. Ajin gaba ɗaya muka amsa da ƙarfi, "Kan iyaka!" Ya dafe kai yana dariya, amma ni ban yi dariya ba, don tulinmu nake gani da ni a kansa ina tsalle.

Na roƙi takardar, na naɗe ta a aljihu, na ruga gida da gudu ina jin kamar na tsinto wa Baba dukiya. Na same shi bayan la'asar a inuwar rumbu yana gyara ƙotar hauya. Na durƙusa na buɗe takardar, na zayyana masa duk abin da Malam ya ce, har ina tuntuɓe da maganata. Ya saurara har ƙarshe. Ya dangwali garin da ɗan yatsa, ya murza, ya kawo kusa da idonsa. Can ya ce a hankali, "Kana nufin ni nake shuka shi?" Sai a lokacin na ji nauyin abin da na ɗauko. Ya hure takardar, ya miƙo mini, ya ce in je in ba awaki ruwa.

Da damina ta dawo gero muka shuka, iyaka zuwa iyaka. Abin da ya canza kawai shi ne Baba ya riƙa cinna wa tulin wuta, amma irin shekaru ya riga ya cika ƙasa, ƙona na bana bai rage komai da ido zai gani ba. Rumbunmu da ke kai mu har sabon hatsi ya fara ƙarewa tun kafin ruwan farko. Aka daina fura da rana. Sani, wanda ya fi ni kai nesa ba kusa ba, ya bar makaranta a aji biyu na sakandare ya tafi ci-rani kudu. Yana zuwa da Sallah da farko, daga baya ya zama sai saƙo. Har yau ban daina jin cewa gurbinsa na zauna a makaranta ba.

Na girma ina riƙe da Baba a zuciya. Sai a rashin lafiyarsa ta ƙarshe, ina zaune ina yi masa fifita da rana, ya ɗauko zancen da kansa. Ya ce, "Ranar da ka kawo takardar ga, na gane. Tun kafin ka rufe baki na gane. Uwarka ma gaskiya gare ta. Amma in na bar hatsi shekara biyu, wa zai ciyar da ku shekara biyun?" Na yi kuka a gabansa ba kunya.

Yanzu gonar tana hannuna. Na yi karatu daidai gwargwado, ina koyarwa a Kusada, na san sunan abin da Turanci, na san a tuge shi kafin ya yi fure, na san taki, na san gyaɗa da waken suya suna sa irinsa ya tsiro ya mutu a banza. Kowace shekara nakan zauna da biro in tsara yadda zan hutar da gonar. Sai hadari ya fara haɗuwa a gabas, in tuna yadda hatsi ya yi wuya a kasuwa, in dubi yarana shida da Inna da ta tsufa a ɗakinta, tsarin ya koma cikin akwati. Da ina yaro na ɗauka abin da ke hana mutum fita daga matsala rashin sani ne, kuma ina kewar wannan yaron da ya yi gudu da takarda a aljihu yana ganin magana ta ƙare. Mai yunwa a bayansa ba ya iya hangen shekara biyu, ko da ya san abin da ke can. Bana ma gero na shuka.