Goron da Na Kai wa Bulama

Da daminar bana Wakili ya cika shekara goma sha ɗaya da rasuwa. Ba zan rubuta sunansa ba, domin surukina ne, 'yarsa nake aure. Duk mutumin Haɗeja da ya yi wayo a lokacin da ake ɗibar soja ya san wanda nake nufi. Shi aka ɗora wa kula da cikin gari, wato rijiyoyi da hanyoyi da kasuwa da tsabta. Ni kuwa ni ne malamin ofis ɗinsa, mai rubuta masa takardu da rahoton wata. Shekara huɗu muna zaune a ɗaki ɗaya, shi a kan buzu, ni a bayan tebur, amma ban taɓa haɗa ido da shi ba.

Abin da ya taso mini da shi a bana shi ne hayaniyar zaɓen majalisar gari. Samari suna hawa bayan mota da lasifika, kowa yana lissafa abin da zai yi wa gari in aka ba shi ƙuri'a. Shi ma Wakili ya yi nasa alkawarin, sai dai ba lasifika. Kashegarin naɗinsa ya tsaya a bakin kasuwa ya ce zai ɗaure bakin rijiyoyi, zai fitar da mahauta daga tsakiyar gidaje, kuma zai yi wa gari jinga, wato tudun laka mai tare ruwa, ta gefen kogi. Mutane suka ce Allah ya taimaka, irin faɗar da ake yi wa wanda ya ce zai tafi Makka a ƙafa.

To, sai ga shi yana yi. Siminti ya yi wuya saboda yaƙi, amma duk buhun da aka sauke a tashar jirgi ta Malam Madori da sunan gari, sai ya bi shi da kansa har bakin rijiya. Kafin shekara ta zagayo an daina tsamo awaki daga rijiyoyin unguwannin yamma. Mahauta kuwa sun ba shi wahala. Sun yi wata uku suna cewa gobe, shi kuma kullum da safe sai ya je ya shimfiɗa buzunsa kusa da inda suke fiɗa, ya zauna cikin ƙuda yana jan carbi, bai ce wa kowa komai ba. Kunya ce ta tashe su, ba doka ba. Ni na rubuta duk wannan a rahoto, kuma ina rubutawa ina jin daɗi kamar ni na yi.

Jinga ce babban aikin, ita ce kuma ransa. Da rani aka yi ta, da gayya, unguwa bayan unguwa, ana kiɗa ana ɗaukar laka a kwando. Ta tashi daga bayan marina ta bi gefen fadama, ta wuce ta gaban wata tsohuwar tsamiya. Da aka gama, Di'o, Baturen mulki, ya zo ya hau kanta ya taka da takalminsa, ya ce aiki ya yi kyau. Ranar na ga Wakili ya yi dariya har haƙoransa sun fito, abin da ban saba gani ba.

Ruwan kogi ya fara tasowa ke nan, wata Laraba da hantsi, sai mai unguwar masunta, wanda muke kira Bulama, ya tare ni a hanyar ofis. Tsoho ne siriri, ba ya son dogon zance. Ya ce in biyo shi. Muka je gindin tsamiyar nan, ya sauka ta bayan jinga, wajen da ya kamata a ce ƙasa a bushe take. Ya ɗaga gorar da yake tuƙa kwalekwale da ita ya soka. Gora ta shige kamar an soka ta a tuwo.

Ya ce, “Ka gani, Malam? Nan tsohuwar hanyar ruwa ce. Ina yaro nan muke kama tarwaɗa. Sama laka, ƙasa yashi. Ruwa ba zai haura jingar nan ba, ta ƙarƙashi zai bi. A kafa turaku a cika da taɓo, ko a ja ta bayan tsamiya. Akwai sauran kwana ashirin, in Allah ya so.”

Na ce, “Baba Bulama, me zai hana ka je ka faɗa masa da kanka?”

Ya ce, “Ni masunci ne. In na shiga zauren nan, gaisuwa zan yi in fito. Kai kuwa ɗan gida ne, ga ka da boko. Wa ya fi ka kusa da shi?”

Bulama ya yi zaton ya zaɓi gajeriyar hanya. Bai tuna ba, ko kuwa ni ban tuna masa ba, cewa duk garin nan ba wanda ya fi suruki nisa. Ni da ko ruwa ba na sha a gabansa, in ya shigo ta wannan lungu in bi wancan, yaya zan buɗe baki in ce masa aikin da ya fi so a duniya yana da rami a ƙarƙashi? Na isa ofis da maganar a bakina. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa, ya tambayi jikokinsa. Na zauna na fiƙe fensir. Har aka tashi ban ce uffan ba.

Sai na yi abin da kowane suruki yake yi a garin nan, na bi ta cikin gida. Na ce wa mai ɗakina Hansatu ta gaya wa Inna, mahaifiyarta, ta gaya wa Baba cewa masunta sun ce a ɗan leƙa wajen tsamiya, ƙasar wurin tana da laushi. Ku lura da kyau, masu karatu. Bulama ya ce ruwa zai bi ta ƙarƙashi, ni na ce a ɗan leƙa. Tun a bakina maganar ta fara ramewa, domin ko a gaban 'yarsa ban so a ji ina kushe aikin ubanta.

Hansatu ta je gida ranar Juma'a ta tarar ana suna a maƙwabta, ta faɗa wa Inna a tsaitsaye. Inna kuwa mace ce mai gudun ɓata wa maigida rai, ta jira sai da ya ci abinci, sannan ta ce masunta na wajen tsamiya suna gaishe shi, sun ce in ya sami sarari ya leƙa su. Wakili ya ji daɗi. Ya ce yana amsawa, ya ba da goro fari guda goma a kai wa Bulama. Goro ya biyo hanyar da saƙo ya bi, daga Inna zuwa Hansatu, daga Hansatu zuwa hannuna.

Nan ne laifina na gaskiya yake, ba a kunyar farko ba. Ina ganin goron nan na san abin da ya faru. Mutumin da aka ce wa jingarsa za ta fashe ba goro yake aikawa ba, takalmi yake nema. Na sani sarai. Amma na naɗe goro a ganye na kai wa Bulama, ya karɓa da hannu biyu, ya ce, “Alhamdu lillahi, ashe ya ji.” Na ce, “Ya ji.” A ƙarshen watan kuma na rubuta a rahoto cewa jinga tana nan lafiya, na miƙa wa Wakili ya sa hannu. Na riƙa gaya wa kaina cewa tsofaffi sun cika tsoro, wataƙila ruwan bana ba zai kai ba.

Ya kai. Ranar wata Talata, ana shirin azahar, ƙasa ta buɗe a gindin tsamiya, daidai inda gora ta shiga. Kafin la'asar ruwa ya cika unguwar marina. Ya shiga ramukan rini ya kwaso baba, sai ga ruwa shuɗi yana bin lunguna, mata suna ratsa shi da yara a kafaɗa. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Amma katangu sun zube, rumbuna sun jiƙe, kayan mutane da aka kawo rini daga Miga da ƙauyuka sun bi ruwa. Akwai gidajen da har yau ba su koma yadda suke ba.

Bayan ruwa ya janye aka zauna bincike, da Di'o da tafinta da manyan gari. Ni aka ba alƙalami in rubuta abin da kowa ya faɗa. Aka kira Bulama, aka tambaye shi ko ya san wurin yana da rauni.

Ya ce, “Na sani, na kuma aika. Har goro aka aiko mini.”

Tafinta ya ce, “Bature ya ce wa ka aika?”

Bulama ya juyo ya dube ni. Wakili ma ya dube ni, kallo ɗaya, ya kawar da kai. Kafin tsoho ya buɗe baki sai Wakili ya ce, “Ranka ya daɗe, a bar wahalar da dattijo. Saƙo ya zo mini. Ni na ba da goron.”

Da hannuna na rubuta wannan magana, kuma wannan yana cikin abin da ba na yafe wa kaina. Ina da baki a wurin. Da na ajiye alƙalami na ce ba haka aka yi ba, da ni za a kora, shi ya zauna. Ya san haka, ya kuma san in an kore ni 'yarsa da jikokinsa ne za su kwana da yunwa. Kafin sati ya cika aka sauke shi. Gari ya ɗauka, daga marina har kasuwa, cewa an gaya wa Wakili ya ƙi ji saboda girman kai. Ni kuwa aka bar ni a teburina, har daga baya aka yi mini ƙarin girma.

Shekara uku ya yi bayan haka. Da aka kira gayyar gyaran jinga, sai ga shi da kwando a ka cikin talakawa, ba rawani, wasu suna yi masa habaici yana ji. Kowace Juma'a nakan je in durƙusa a ƙofar zaurensa. Ya ce, “Malam, ina gajiya? Ina yara?” In ce lafiya lau. Shi bai taɓa tayar da maganar ba, don kada ya kunyata ni. Ni ban taɓa tayarwa ba, wai don ina jin nauyinsa. Haka muka yi ta girmama juna har aka kai shi makwanci.

Yanzu nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga garin nan a yau. Ina jin zai ji daɗin ganin rijiyoyinsa suna nan, mahauta ma ba su dawo ba. Zai yi mamakin motocin gyaɗa da maganar mulkin kai da ke bakin kowa. Samarin lasifika kuwa, waɗanda ke tsayawa a gaban dattawa su ce wannan aiki bai yi ba, na daɗe ina kiransu marasa kunya, ina tsaki in sun wuce. Ban tabbata shi zai yi tsakin ba. Mutum ne mai son a faɗa masa gaskiyar aiki, mu ne muka yi masa katanga da ladabi. Ba na cewa a zubar da kunya, ita ta raine mu. Amma na ga ranar da ta ci unguwa guda, ta kuma ci sunan mutumin kirki.

In aka auna abin da ya bari, ruwan da ake sha a unguwannin yamma nasa ne. Jingar da ke tsare gari yau ma tasa ce, an dai ja ta bayan tsamiya kamar yadda Bulama ya ce. Abin da bai bari ba shi ne suna mai kyau, kuma ba ruwa ne ya tafi da shi ba. Bulama ya rasu, Inna ta rasu. Daga ni sai Hansatu muka rage cikin waɗanda suka san hanyar da saƙon nan ya bi. Don haka nake rubutawa a fili: ba a gaya wa Wakili ba. Gaisuwa aka kai masa, ya amsa da goro. Allah ya jiƙansa, ya sa abin da ya rufa mini ya zame masa haske a kabari.

Kafin in aika da takardar nan na karanta wa Hansatu. Ta saurara har ƙarshe tana tsince shinkafa a faifai, ba ta ɗago ba. Da na gama ta ce, “Malam, da ka ce mini ruwa zai ci gari, da ko mayafi ban tsaya ɗauka ba.” Na ce na sani. Sai ta ƙara da cewa, “Kuma mutanen marina ba sa karanta jarida. Yanzu ma aike za ka yi?”

 Bayan wannan magana tata na je na gaya wa mai unguwar marina ya tara mini dattawansa ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ya tambaye ni ko takarda ce daga ofis za a karanta musu. Na ce a'a, ni ne zan yi magana.