Hayaƙin Gidan Inna

Ƙaura Namoda

Ana sallame Asuba na fita tasha, da tukunya a buhu. An sayar wa masunta kifin tafkin ƙauyenmu, kuma bana dattawa sun yanke cewa gidan da hayaƙi ke tashi kaɗai ke da kaso. Inna, wadda 'yan bindiga suka koro wurina, da kasonta take sayen maganin hawan jini. Ranar karo-karon 'yan sintiri dai ba wanda ya nemi hayaƙinmu, lambar wayata aka nema.

Shinkafi

Aka cusa mu a mota tare da awaki. A shinge wani ɗan sintiri ya ƙwanƙwasa tukunyar.

"Mi ka ciki?"

"Haƙƙin uwata, in an zuba."

Na iske Kawu Sale, mai riƙon kuɗin masunta, a kasuwa bisa sabon babur. Ya saya mini fura, Allah ya saka masa.

"Ɗana, ajiya anka ba ni. Tahi ka hura wuta, Maigari shi gani."

Zurmi

Na kwana a shagon wani abokina, da safe ɗan acaɓa ya kai ni ƙauye kan kuɗin da ya ga dama. Rufin madafar Inna ya zube. Na ɗora tukunya, na hura wuta, hayaƙi ya yi sama. Idona ya yi ruwa, kuma ba duka ne laifin hayaƙin ba.

Sai ga tsoho Tanko da damin kara, yana fitowa daga gidan Maigari.

"Baba, Maigari na ciki?"

"Wane ciki? Shi da dattawa Zurmi suke tun bara. Ni ka hura musu wuta kullum, su ba ni na goro."

Na koma Zurmi, na iske Maigari ƙarƙashin fanka. Na durƙusa.

"Ranka shi daɗe, hayaƙi ya tashi gidan Inna."

"Na yini guda? Yaro, ku da kunka gudu ba ku san wahalar gari ba."

Gida

La'asar ta yi mini a Ƙaura. Alhamdu lillahi da na dawo lafiya, ina kuma gode wa Maigari da ya jure wahalar gari a madadinmu.

Inna ba ta tambayi kaso ba. Ta karɓi rigata za ta jiƙa, sai ta tsaya ta shinshina.

"Wanga hayaƙin madahwata ne."

Ta ninke ta, ta sa ƙarƙashin matashinta. Har yau ba a wanke ta ba.