Mama Keziya Da Moɗar Randa

Kullum da sassafe Mama Keziya kan hau bas daga Muchia zuwa Samaru, inda take kula da yara a wata firamare. Kafin malamai su iso ta cika randa, ta kafa kujera a gefenta. Yanzu da za ta ajiye aiki, bari in faɗi gaskiya: matar nan akwai zargi. Yaro bai isa ya yi abu ta ɗauka a banza ya yi ba.

Haka ta lura wani yaro, Felix, yana dirje moɗa da ƙasa duk lokacin da wata yarinya, Onyinyechi, ta sha ruwa. Yarinyar ma ta lura, sai ta daina sha, tana wuni leɓe a bushe. Mahaifinta Amaechi ya ce zai cire ta daga makarantar.

Mama ba ta ɗaga bulala ba. Ta zaunar da Felix ta ce, "Wannan ba dabararka ba ce. A bakin wa ka ji?"

"A gida aka ce irin su Onyinyechi ba a haɗa kofi da su."

"Kai ka taɓa ganin abin da ya samu wanda ya haɗa?"

Ya ce a'a. Ta miƙa wa Onyinyechi moɗar ta sha, sannan Mama ta karɓa ta shanye ragowar a gaban yaran, ta ce su zuba ido su ga ko za ta faɗi. Dariya ta ɓarke, sai tambayoyi, ta amsa kowace ba kwana-kwana.

Washegari uwar Felix ta zo a fusace. "Me kike cusa wa ɗana?"

"Ba cusawa nake ba, 'yar'uwa. Cirewa nake yi."

Amaechi dai bai yarda ba. Ya sayo wa 'yarsa gora, amma kullum a cike take komawa gida. Hankalinsa ya tashi, ya laɓe a bakin ƙofar makaranta don ya kama masu hana ta shan ruwa. Ga abin da ya gani: 'yarsa ce ke sha da moɗar randa, Felix na bayanta yana cewa ta yi sauri ƙishi yake ji.

Mama Keziya, ke ce mai jin abin da yaro bai faɗa ba. Mun gode, Allah Ya ba ki hutu mai daɗi. Mu kuma iyaye mu yi koyi da ita, mu tambayi yaranmu inda suka ji. Sai dai mu shirya, don sau da yawa mu za su nuna.