Jitman Pun Mai Dakon Kekuna

Surukina Jitman Pun ya yi shekara ashirin da shida yana hawa da kekunan mutane kan duwatsun yankin Mustang, can arewacin ƙasarmu, bai taɓa saukowa a kan ko ɗaya ba. Ɗan dako ne. Turawa su zo da kekunansu masu taya kamar ta babur, inda hanya ta gagari feda sai ya ɗaure keken a bayansa, ya zarga igiya a goshi, ya kama hawa. A can sama su karɓi abinsu, su ɗauki hoto da shi, su gangara. Shi kuma ya biyo su a ƙasa.

Gajere ne, wuyansa ya kusa cinyata kauri. Ya san keke ciki da waje. In sarƙa ta tsinke, da ƙusa da dutse yake haɗa ta. Amma in aka ce ya hau, sai ya ce ƙafar da uwarsa ta ba shi ba ta taɓa yin faci ba. Da wannan dakon ya karantar da 'yarsa Kopila har ta zama ma'aikaciyar jinya a Pokhara, inda ni, malamin lissafi mai tumbi da yawan magana, na gan ta na aura.

A wurinmu mijin 'ya ba ƙaramin baƙo ba ne. Juwai ake ce masa, ba a kiran sunansa. Shi ake ba kujera mai kyau, shi ake fara zuba wa nama. Tsohon nan da a haife ya haife ni, in na shiga gidansa sai ya miƙe tsaye. Da farko nauyin abin ya dame ni. Daga baya na saba, kuma sabon ne ya cuce ni.

Shekarar da ya cika sittin da uku ya ajiye igiya, ya zo wurinmu a duba masa gwiwa. Ran nan muna cin shinkafa da miyar wake, sai ya ce wa Kopila, idonsa a kan faranti, “Ke, keken nan, mutum yana iya koyonsa da furfura?”

“Baba, ina ƙafar da ba ta faci?”

“Ta fara sacewa. Sau ɗaya nake so in sauko gangaren Lubra a kan sirdi. Sau ɗaya tak, sai in haƙura.”

Sati uku Kopila tana bin sa da gudu a filin ƙwallon makarantarmu, tana riƙe da sirdi. Ya faɗi ya fi a ƙirga. In ya faɗi, keken yake fara dubawa kafin gwiwarsa. Da ya iya, kullum da safe sai ya tafi unguwannin bayan gari yana neman gangare yana gwada birki.

Hutun Dashain, babban bikinmu na shekara, ya zo, muka tafi mu huɗu: shi, ni, Kopila da 'yarmu Pabitra mai shekara goma sha huɗu. Muka yi hayar kekuna a garin Jomsom, mota ta kai mu ƙauyen Muktinath, washegari da sassafe muka kama hawa. Jitman ya ɗora hular kwano a kan hularsa ta gida, ya ƙi cire ko ɗaya.

Pabitra ta ce, “Kaka, kana tsoron kan zai gudu ne?”

Ya ce, “Yi shiru, 'yar birni. Yau ba na ɗaukar keken kowa, har nawa. Tura shi zan yi kamar Bature, ina haki ina shan ruwa.”

Haka kuwa ya yi. Duk ɗan dakon da muka haɗu da shi sai ya tsaya ya sanar da shi cewa yau a kan keke zai sauka.

Saura kaɗan mu kai ƙololuwa akwai wani ɗan shimfiɗaɗɗen wuri. Ba wanda ya sa ni, na haye keke don in nuna wa matata cewa har yanzu da saura na. Ban yi taku hamsin ba na daki dutse. Ni ban ji ciwo ba, sai ƙafar keken ta gaba da ta lanƙwashe kamar murfin tukunyar da aka taka. Jitman ya juya ta, ya danna da gwiwa, ya girgiza kai. Ya dubi rana, domin kowa ya san iskar kwarin nan ba ta jiran azahar.

Ya turo mini kekensa. “Juwai, karɓi.”

“Haba Baba, ai don kai muka zo.”

Kopila ta ce, “Ya ɗauki nawa, ni in taka.”

“Naki ya yi masa kaɗan. Kuma 'yata ta ɗauki kaya ina tsaye? Juwai, karɓi mana. So kake a ce Jitman ya hau keke ya bar mijin 'yarsa da dako?”

Na ƙi sau biyu, yadda ake yi. Kopila ta zuba mini ido ta ce a hankali, “Baban Pabitra.” Ba ta ƙara komai ba, kuma na gane sarai. Abin da ya kamata in yi ba wuya: in saɓa karyayyen keken a kafaɗa in kama hanya, ba zai iya ƙwace shi daga hannuna ba. Amma kaina yana sarawa, awa uku ne a ƙasa da kaya, kuma shekara goma sha biyar ana ba ni abu mai kyau ina karɓa. A na uku na miƙa hannu.

Ya ce, “Gangaren ba ya gudu. Baɗi ma rana ce.” Ya ciro igiya daga jakar Kopila, wadda aka zo da ita don shanya, ya ɗaure keken a bayansa. Ya cire hular kwanon ya rataye ta a jikin keken.

Kopila da Pabitra suka gangara suka ɓace mini. Ni kuwa da na ga yadda hanyar ta tsuke, ga rami a hagu ba a ganin ƙarshensa, sai na danne birki. A kwanar hanya ta biyu na sauka. Tura keken na yi har kusan gindin dutsen, sai da na hango rufin gidajen Lubra na sake hawa, don kada a gan ni.

Muna shagon shayi ya iso, iska ta cika masa gira da ƙasa. Mai shagon, tsohuwar da ta san shi tun yana saurayi, ta leƙo ta ce, “Au, Jitman, ba kai aka ce yau a kan keke za ka iso ba?”

“Ga shi kuwa mun iso tare, ni da keken,” in ji shi.

Ya sauke kayan, ya ƙi zama sai da ya ga an ƙara mini shayi. Sannan ya matso, murya ƙasa-ƙasa kamar mai jin kunya. “Juwai, wannan doguwar kwanar ta ƙarƙashin jan dutse, inda suke sakin birki suna ihu. Yaya abin yake? Gaya mini.”

Kopila tana kallona. Na buɗe baki na yi masa ƙarya. Na ce iska tana shiga kunne har ba ka jin komai, keken ya daina nauyi, ƙasa ta bar ka. Yana gyaɗa kai yana cewa, “Haka na zata. Haka na zata.”

Da shekara ta zagayo gwiwar ta ƙi, ko matakalar gidanmu sai an riƙe shi. Shekara huɗu ya ƙara a duniya, bai taɓa yi mini gori ba, kuma na fi son da ya yi. Kopila ce kawai ta ce mini a motar komawa, “Na ga ƙura a takalminka har idon sawu,” ba ta sake tayar da maganar ba.

A waɗannan shekarun tsofaffin abokan dakonsa sukan zo gidanmu gaishe shi. Ina daga ɗaki ina jin sa yana ba su labarin kwanar jan dutse, iska a kunne, keke ba nauyi, kalma bayan kalma yadda na ƙirƙira. In suka ce a ina ya sani, sai ya ɗaga murya da alfahari ya ce, “Juwaina ya sauko ta a kan kekena. Ku tambaye shi, ga shi can ciki.”